Burushin Tarihi a Photoshop: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Gyaran Hoto a Gombe

Waɗannan tambayoyi ne da masu koyon gyaran hoto suke ta maimaitawa a situdiyo da shagunan buga kati na cikin garin Gombe, daga Pantami har Jekadafari, musamman idan bukukuwan bayan Sallah suka kankama, aiki ya taru, oga kuma ba shi da sukunin tsayawa bayani. Duk a kan abu ɗaya suke: yadda za ka dawo da wani ɓangare na hoto zuwa yadda yake ɗazu ba tare da ka rushe sauran aikin ba. Na bar sunayen maɓallai yadda suke fitowa a fuskar kwamfuta don ka gane su idan ka gani. Da Windows na yi lissafi. Mai Mac ya danna Command inda na ce Ctrl, Option kuma inda na ce Alt.

Oga, mene ne ainihin aikin History Brush?

Burushi ne wanda ba ya shafa launi. Abin da yake shafawa shi ne hoton kansa, yadda yake a wani mataki da ya wuce. Duk abin da ka yi wa hoto, Photoshop yana rubuta shi a jere cikin akwatin History, wanda za ka buɗe daga Window sannan History. Sai ka zaɓi ɗaya daga cikin matakan nan ka ce daga nan za a ɗebo, ka ɗauki burushin ka goga. Inda ka goga ya koma yadda yake a wancan matakin, inda ba ka taɓa ba ya tsaya yadda yake yanzu. Harafin Y ne yake kiransa a kibod.

Ba sabon abu ba ne. Photoshop ya fito a 1990, kuma har zuwa 1998 kuskure ɗaya tak ake iya janyewa baya. A shekarar 1998 ne Photoshop 5.0 ya zo da akwatin History da wannan burushin tare. Saboda haka ko tsohon Photoshop 7.0 da har yanzu ake samu a kwamfutocin wasu shaguna yana da shi, kuma aikinsa bai sauya ba.

To ai Ctrl+Z ma yana mayar da aiki baya. Ina bambancin?

Ctrl+Z yana janye hoton gaba ɗaya, kuma a jere yake tafiya. Idan kuskuren yana mataki na biyar kai kuma kana na ashirin, sai ka zubar da goma sha biyar masu kyau kafin ka kai gare shi. Burushin tarihi yana tsallake su, ya je na huɗu ya ɗebo maka daidai wurin da kake so kawai.

Akwai wani ruɗani da ya kamata a warware a nan, domin yaro yakan koyi aiki a wata kwamfuta ya koma wata ya rikice. A CS6 da duk waɗanda suka gabace shi, Ctrl+Z mataki ɗaya yake komawa, idan ka sake dannawa ya dawo da kai inda kake. Mai son ci gaba da ja da baya sai ya yi Ctrl+Alt+Z. Daga CC 2019, wanda ya fito a watan Oktoba na 2018, aka sauya: Ctrl+Z yana ta komawa baya muddin kana dannawa.

A nuna mini da misali.

Ɗauki hoton amarya ranar kamu. Kana son fuska ta yi sumul, sai ka je Filter, Blur, ka ba hoton Surface Blur ko Gaussian Blur. Fata ta kwanta, amma ido ya dushe, gashin ido ya narke, zanen lallen da ke hannunta ya zama kamar datti, duwatsun lesi sun daina ƙyalli.

Duba akwatin History. A hagun kowane mataki akwai ɗan fili mai kusurwa huɗu. Danna filin da ke gefen matakin da ya gabaci filtar, za ka ga alamar burushi ta bayyana a ciki. Kula da kyau: filin za ka danna, ba sunan matakin ba. Idan ka danna sunan, hoton ne gaba ɗaya zai koma can, kuma wannan shi ne kuskuren da kusan kowane sabon hannu yake fara yi. Daga nan sai ka danna Y, ka goga a kan ido, gira, leɓe, ramukan hanci, bakin ɗankwali, sarƙa, lalle da kaya. Suna dawowa da kaifinsu ɗaya bayan ɗaya, fata kuma tana nan sumul.

Ni dai na fi son a bi ta ɗaya hanyar, domin abin da ake son ya yi laushi a hoto kullum bai kai abin da ake son ya tsaya da kaifinsa yawa ba. Bayan ka sa filtar, ɗauki Snapshot, wato ka danna alamar kyamara a ƙasan akwatin History don ya ajiye hoton yadda yake a lokacin. Koma matakin da ke kafin filtar, a wannan karon ta danna sunansa. Sa alamar burushi a gefen Snapshot ɗin. Yanzu hoton yana da kaifinsa duka, kai kuma laushin kake shafawa a kumatu da goshi da wuya kaɗai. Aikin ya fi sauri, kuma ba za ka manta da ɗan kunne ɗaya a dushe ba, sai an wanke hoton an sa a firem ƙanwar amarya ta gano.

Wane girma da wane ƙarfi zan ba burushin?

Ya danganta da abin da kake dawowa da shi. Idan fata ce, bakin burushi ya zama mai laushi, wato Hardness a sifili, ƙarfinsa kuma, wato Opacity, tsakanin 20 da 40. Ka riƙa gogawa kana ɗaga hannu kana sakewa har ya kai yadda kake so. Idan ka sa 100 a fuska, za a ga iyakar inda ka goga kamar an liƙa. Idan kuwa gefen abu ne mai kaifi, kamar bakin hula ko aikin wuyan babbar riga, ƙara taurin bakin ka kai ƙarfin 100.

Ba sai ka riƙa hawa sama da maus ba. Danna 3 a kibod ƙarfi ya koma 30, danna 5 ya koma 50, sifili ya mayar da shi 100. Maɓallan nan biyu da ke dama da harafin P suna rage girman burushi da ƙara shi, idan ka haɗa da Shift kuma taurin baki suke sauyawa.

Akwai kuma Mode a saman allo, wanda mutane da yawa ba sa taɓawa. Idan ka mayar da shi Screen, duk inda ka goga zai yi haske. Multiply kuma duhu yake ƙarawa. Wanda ya taɓa ɗaukar hoto a filin ɗaurin aure da ranar Gombe ta ƙarfe sha ɗaya ya san matsalar: farar shadda ta ƙone da haske, fuska kuma ta shige inuwar hula ko rawani. Screen mai ƙarfin 15 ko 20 a kan fuska, Multiply kaɗan a kan shadda, sai hoton ya daidaita. Sai dai inda haske ya riga ya cinye zanen shaddar tun a kyamara, babu abin da zai dawo da shi.

Na nemi matakin da nake so a akwatin, ya ɓace. Ina ya tafi?

Ya faɗi ta sama. Akwatin yana da iyaka: matakai 20 a tsofaffin Photoshop, 50 a na yanzu. Da an cika, kowane sabon mataki sai ya ture mafi tsufa. Kuma duk ɗaga hannu ɗaya mataki ne. Wanda yake goge ƙuraje da Healing Brush zai cinye 50 kafin ya gama kunci ɗaya. Shi kansa burushin tarihin, kowace goga da ka yi da shi ana ƙirga ta.

Ana iya ƙara adadin har zuwa 1000. Je Edit, Preferences, Performance, ka nemi History States. A Photoshop 7.0 yana ƙarƙashin General. Amma kada ka ɗauka kyauta ne. Kowane mataki wuri yake ci a RAM da kuma cikin hadis, kuma ba daidai suke ci ba: ɗan ɗigon burushi kaɗan yake ɗauka, filtar da ta shafi hoton duka kuwa kusan kwafin hoton ne sukutum. A laftof mai RAM 4GB, irin wanda yawancinmu muka fara da shi, 1000 neman magana ne. Tsaya a 100 ko ƙasa da haka, ka koyi ɗaukar Snapshot.

Shi Snapshot ɗin mene ne?

Mataki ne da ka ce kada a ture shi. A ƙasan akwatin History akwai alamar kyamara. Da ka danna, Photoshop zai ajiye hoton yadda yake a wannan lokacin a saman akwatin, kuma ko ka yi goga dubu a bayansa yana nan. Idan ka buɗe hoto, Photoshop yana ɗaukar na farko da kansa, shi ya sa burushin yake dawo da asalin hoton idan ba ka zaɓi komai ba.

Ka saba da ɗaukarsa a duk inda aiki ya kai wata gaɓa: bayan yanke gefe, bayan daidaita launi, bayan share fuska, kafin duk wani gwaji da ba ka tabbatar da shi ba. Danna sunansa sau biyu ka sauya masa suna. «Bayan launi» ya fi «Snapshot 4» amfani idan kana da guda bakwai a jere ga kwastoma a tsaye a kanka. Idan ka riƙe Alt kana danna kyamarar, zai tambaye ka ko fayil ɗin duka kake so, ko leyoyin a haɗe, ko leyar da kake kai kaɗai (leya ita ce Layer, wato shimfiɗun da ake ɗora wa juna su zama hoto ɗaya). Full Document shi ne wanda ba ya ba da matsala.

An ɗauke wuta ina tsakiyar aiki. Da na kunna inji na buɗe fayil ɗin, akwatin History babu komai. Ko ban adana daidai ba ne?

Daidai ka adana. Haka abin yake, kuma wannan ita ce maganar da ta fi kowace muhimmanci a shafin nan. Photoshop ba ya ajiye matakan tarihi a cikin fayil, ko PSD ne ko TIFF, balle JPG. Snapshot ma haka. Da ka rufe hoton, da gangan ko wuta ce ta rufe maka, duk sun tafi. Tarihin kamar bashin da mai shago ya riƙe a ka ne bai rubuta a littafi ba.

Daga CS6, wanda ya fito a 2012, akwai tsarin da yake ajiye kwafin ceto lokaci-lokaci, a ƙa'ida duk minti 10, kuma za ka iya rage shi zuwa 5 a Preferences, File Handling. Wannan zai iya dawo maka da hoton da leyoyinsa bayan kwamfuta ta mutu, amma ba da matakan ba. Akwai kuma History Log, wanda sunansa yake yaudarar mutane. Rubutu ne kawai yake ajiyewa na abin da ka yi da lokacin da ka yi shi. Ba za ka iya goga komai daga cikinsa ba.

Idan akwai wani mataki da ba ka son rasawa, ga dabara: danna shi, sannan ka danna alamar farko ta hagu a ƙasan akwatin, wadda take buɗe sabon fayil daga matakin. Adana wannan da wani suna. Ko gobe ne, za ka iya jawo shi cikin aikinka a matsayin leya. Mai aiki da kwamfutar tebur ba tare da UPS ba kuwa, wannan shawara ba ta wadatar da shi ba, sai ya sayi UPS.

Burushin ya ƙi gogawa. Wata alama ce take fitowa, da'ira da layi a tsakiya.

Danna duk da haka, Photoshop zai faɗi dalilinsa. Kusan kullum ɗaya ne daga cikin uku.

Na farko, kuma shi ya fi yawa, girman hoton ya sauya. Burushin yana ɗebo kowane ɗigo ne daga daidai gurbinsa a tsohon matakin, don haka dole faɗi da tsawo su zama ɗaya. Idan ka yanke gefe, ko ka sauya Image Size ko Canvas Size, duk matakan da suka gabaci wannan sun fita daga hannunka. Masu yin fasfo na ɗaliban da ke rajistar jarrabawa sun fi kowa cin karo da wannan, domin abu na farko da suke yi shi ne yankewa, alamar burushi kuma tana can a kan Snapshot na farko. Maganin ba wuya: yanke tun farko, ɗauki sabon Snapshot nan take, mayar da alamar kansa.

Na biyu, leyar da kake kai ba ta wanzu a matakin da ka zaɓa ba. Misali ka yi Ctrl+J ka sami sabuwar leya, kana son goga mata abin da ke matakin da ba a haife ta ba tukuna. Ko dai ka zaɓi matakin da ya zo bayan ƙirƙirarta, ko ka koma leyar asali.

Na uku, tsarin launi ya sauya. Wannan ya fi damun masu buga kalanda da fosta da katin biki, waɗanda suke mayar da aiki daga RGB zuwa CMYK kafin a kai wurin bugu. Bari sauya launin ya zama abu na ƙarshe, bayan ka gama duk goge-gogenka.

Idan ba ɗaya daga cikin ukun nan ba ne, duba ko leyar rubutu ce ko Smart Object, wato leyar da Photoshop ba ya bari a goga mata kai tsaye, ko kuma a kulle take. Idan kuma burushin yana tafiya amma ba ka ga komai ba, danna Ctrl+D, wataƙila akwai ɗan wurin da ka zaɓa ka manta.

Yaya ake yin hoton nan da komai baƙi da fari ne sai abu ɗaya mai launi?

Da wannan aka fi sanin burushin. A ce hoton hawan Sallah ne a ƙofar fadar Sarkin Gombe, kana son jan kayan dogari ko adon doki ɗaya ya fito shi kaɗai. Danna Ctrl+Shift+U launi ya fita, ka bar alamar burushi a matakin da ke kafin haka, ka goga a kan abin da kake so. Kada ka bi ta Image, Mode, Grayscale, domin ka sauya tsarin launi ke nan, burushin zai ƙi. Idan hannu ya zarce launi ya shiga inda ba ka so, mayar da alamar kan matakin Desaturate ka goge wurin.

Salon ya ɗan tsufa, gaskiya. Amma har yanzu ana nemansa a albam ɗin biki, kuma don koyon riƙe hannu babu atisayen da ya kai shi.

Wurin da nake son dawowa da shi babba ne. Dole sai na goga?

A'a. Zaɓe wurin da Lasso ko Marquee, danna Shift+F5, a Contents ka zaɓi History. Zai cike wurin a take daga matakin da alamar take kai. Magogin Eraser ma yana da wani ɗan fili a sama mai suna Erase to History, wanda idan ka kunna shi aikinsu ɗaya da burushin.

Na yi amfani da Liquify na rage wa mutum tumbi, hannunsa ya karkace. Zan iya dawo da hannun kaɗai?

Za ka iya, amma sai ka yi hattara da mahaɗa. Burushin yana da daɗin aiki ne idan launi ko haske ko kaifi aka sauya, abubuwa kuma suna gurbinsu. Da zarar an matsar da wani abu, tsohon hoto da sabo ba sa hawa kan juna, sai ka ga layin riga ya karye ko gefen hannu ya zama biyu. Gara ka gyara tun kana cikin Liquify da burushinsa na Reconstruct, wanda yake mayar da wuri a hankali ba tare da karya layi ba.

Mene ne Allow Non-Linear History? In kunna?

A yadda Photoshop yake zuwa, idan ka koma baya ka yi wani sabon abu, duk matakan da ke gaba suna gogewa. Idan ka kunna wannan a History Options, ba za su goge ba, sabon aikin zai sauka a ƙasansu. Yana da amfani ga mai gwada launi iri uku a kan hoto ɗaya yana son ɗebo kaɗan daga kowanne. Illarsa ita ce jerin yana cakuɗewa har ka kasa gane wanne ya biyo wanne. Ga mai koyo, Snapshot uku masu suna sun fi.

Art History Brush fa, wanda ke ɓoye a ƙarƙashinsa?

Ya zo a Photoshop 5.5 a 1999. Shi ma daga tsohon mataki yake ɗebowa, amma sai ya murɗa shi ya zama kamar zanen fenti. Ba kayan gyara ba ne. Idan ka ga burushinka yana dagula fuska maimakon ya dawo da ita, shi ka ɗauka bisa kuskure. Shift+Y zai mayar da kai.

Wani ya ce mini masu aiki na gaske ba sa amfani da shi, maski suke yi. Gaskiya ne?

Akwai gaskiya a ciki, ko da yake an ɗan yi ƙari. Ga abin da yake nufi. Ka yi Ctrl+J, ka sa filtar a leyar sama, ka ƙara mata Layer Mask. Inda ka shafa baƙi a maskin, leyar ƙasa ta bayyana. Inda ka shafa fari, ta sama ta dawo. Harafin X yana juya maka tsakanin biyun. A ido sakamakon ɗaya ne da na burushin tarihi. Bambancin shi ne maski yana zama a cikin PSD.

Ka san halin aikinmu. An kai albam, bayan sati biyu Hajiya uwar amarya ta aiko: fuskar 'yarta ta yi fari da yawa, dangin ango suna cewa ba ita ba ce. Ko ango ya ce a rage masa laushin, ya zama kamar roba. Idan da maski ka yi, buɗe fayil za ka yi ka rage ƙarfin leyar, minti biyu ka gama. Idan da burushin tarihi ka yi a kan leya ɗaya, aikin ya riga ya bushe, sai ka nemo asalin hoton ka faro daga farko. Wannan ma idan ba ka adana a kansa ba, kuma ba ka goge memori don bikin gaba ba.

Saboda haka ga yadda nake raba su. Duk aikin da zai iya dawowa, wato biki, suna, walimar sauka, fostar ɗan takara da za a sauya wa launi sau uku, a yi shi da leya da maski. Launi da haske a yi su da Adjustment Layer, wadda take zuwa da maskinta tun daga Photoshop 4.0. Filta kuma, daga CS3 na 2007, ana iya sa ta a kan Smart Object ta zo da nata maskin. Burushin tarihi na aikin da za a gama a zama ɗaya ne, kamar fasfo da katin shaidar makaranta, da kuma ceto: ka yi nisa, ka haɗe leyoyi, sai ka lura Clone Stamp ya cinye gefen kunne tun ɗazu. A irin wannan wurin babu abin da ya kai shi sauri, kuma wanda ya raina shi zai sake aikin rabin awa a banza.

Kwastoma ya turo hoto ta WhatsApp wanda wani ya riga ya ɓata da filta. Burushin zai dawo da asalinsa?

Ba zai dawo ba. Iyakar saninsa daga lokacin da ka buɗe hoton ne a kwamfutarka. Abin da aka yi masa a wata waya ba ya cikin fayil ɗin. Haka tsohon hoton kaka da ruwa ya taɓa: yadda ka yi sikaninsa, shi ne matakin farko. Roƙi kwastoman ya nemo na asali, ya kuma turo shi a matsayin Document don kada WhatsApp ya matse shi.

Me ya kamata in riƙa dawowa da shi a fuska, ko da kwastoma bai ce ba?

Duk abin da da shi ake gane mutum. Ƙurji na kwana uku ne, a goge shi. Amma tsagar gado a kuncin dattijuwa, ko zanen da ke gefen bakin Bafulatana, ko tabon sallah a goshin malami, ko wushirya, waɗannan ba datti ba ne. Filtar laushi ba ta san bambanci ba, tana shafe su tare da ƙurajen, su kuma sababbin manhajojin waya masu gyara fuska da kansu sun fi ta ɓarna. A jiha irin tamu, inda Fulani da Tera da Tangale da Waja da Bolawa suke zaune tare, sau da yawa zanen fuskar tsoho shi ne abin da jikokinsa za su nuna a hoton nan gaba. Bayan ka gama share fuska, sa alamar a Snapshot na farko, ƙaramin burushi mai ƙarfin 60 ko 70, ka bi zanen a hankali. Idan mai hoton da bakinsa ya ce a cire, wannan kuma ruwansa. Hoton da za a kai ofis don takardar shaida kuwa, haske kawai za ka daidaita, ka bar fuskar yadda Allah ya yi ta.

Ba ni da kwamfuta, da waya nake aiki. Akwai irinsa?

Akwai mai kama da shi a Snapseed na Google, kuma kyauta ne. Bayan ka yi gyara, taɓa alamar da ke sama mai kibiya a kan tarin takardu, zaɓi View edits, taɓa gyaran da kake nufi, sannan alamar burushi. Za ka iya shafa gyaran ko ka cire shi da yatsa, a ƙarfin 0, 25, 50, 75 ko 100. A aikace ya fi kusa da maski.

A kwamfuta kuma, Affinity Photo yana da Undo Brush, har ma yana ba ka damar adana tarihin tare da fayil, abin da Photoshop ba ya yi. Lightroom Classic yana riƙe tarihin kowane hoto ko an rufe an sake buɗewa, sai dai ba shi da burushin da zai goga daga tsohon mataki. GIMP ba shi da shi, amma idan ka ajiye asalin hoton a wata leya, ka ɗauki Clone ka sa Alignment a Registered, zai ɗebo daga daidai gurbin, aikin ya zama ɗaya.

Kwamfutata ta yi nauyi, tana cewa scratch disk ya cika. An ce in yi Purge.

Scratch disk shi ne wurin da Photoshop yake aro a hadis yayin da yake aiki. Purge zai taimaka, domin tarihin yana cikin abubuwan da suka fi cinye wuri. Yana Edit, Purge, Histories. Amma ka san abu biyu kafin ka danna: ba a janye shi da Ctrl+Z, kuma ba hoton da ke gabanka kaɗai yake shafa ba, duk hotunan da ke buɗe ne. Idan kana da guda goma sha biyu na biki ɗaya a jere a sama, leƙa kowanne ka tabbatar babu wanda kake shirin komawa baya a cikinsa, ka adana su. Idan hoto ɗaya kake son sauke wa nauyi, riƙe Alt ka zaɓi Clear History daga ɗan jerin da ke kusurwar akwatin History, wannan shi kaɗai zai shafa. Idan kuma saƙon yana yawan dawowa, matsalar ba ta tarihi ba ce, hadis ɗin ne ya cika, sai ka kwashe tsofaffin bukukuwa zuwa na waje.